Sansanin Sumter: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba Idan Sojoji Suka Yi Cirko-cirko

Idan ka ji an ce sojojin ƙasa ɗaya sun rabu biyu, waɗansu suna cikin sansani, waɗansu sun kewaye su, kowa yatsansa na kan kunama amma ba wanda ya harba, kada ka ce da sauƙi tunda jini bai zuba ba. Wannan cirko-cirkon shi ne zangon ƙarshe kafin yaƙin basasa, kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne. Ko mulki ne a hannunka, ko kai hafsa ne, ko ɗan jarida, ko mai hawa mumbari, ko ɗan kallo mai tafi a bakin titi, da kai nake. Zan kafa maka hujja da abin da ya faru a Amurka, a bakin tekun birnin Charleston na jihar Karolina ta Kudu, domin a can an tafka kusan duk kuskuren da ake iya tafkawa, kuma takardun suna nan.

Ga gundarin labarin. Ranar 6 ga Nuwamba 1860 Abraham Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa a jam'iyyar da ta ce ba za a ƙara kai bauta sababbin yankuna ba. Ranar 20 ga Disamba Karolina ta Kudu ta ce ta ɓalle daga tarayya. Kafin tsakiyar Fabrairu 1861 jihohi bakwai sun fice, sun haɗu a Montgomery, sun zaɓi Jefferson Davis ya shugabance su. Suka bi barikoki da rumbunan makamai da ofisoshin kwastan na tarayya suna ƙwacewa. Kaɗan suka rage, wanda ya fi tsone musu ido kuwa shi ne sansanin Sumter: ginin jan bulo mai kusurwa biyar, a kan tsibirin da aka cike da duwatsu a mashigar jiragen ruwan Charleston. Tun 1829 ake gininsa, ba a gama ba. An tsara shi don soja 650 da igwa 135, amma soja wajen 85 ne a ciki, ƙarƙashin Manjo Robert Anderson. Wata uku da rabi ana kallon-kallo. Da ƙarfe 4:30 na asubahin 12 ga Afrilu 1861 aka harba igwar farko, aka shekara huɗu ba a daina ba.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka kira ciwon da sunansa. Wanda ya ɗauka rigimar gini ce, a kan gini zai ƙarar da ƙarfinsa, ciwon kuwa yana ci.

Rigimar Sumter rigimar bauta ce. Bayi kusan miliyan huɗu ne a Amurka a lokacin, a Karolina ta Kudu har sun fi masu 'yanci yawa, su ke noma shinkafa da audugar da ta azurta Charleston. Takardar da jihar ta fitar ranar 24 ga Disamba ba ta ɓoye dalili ba: jihohin Arewa sun ƙi maido da bayin da suka gudu, kuma an zaɓi shugaba mai ƙin bauta. Mataimakin Davis, Alexander Stephens, ya faɗa a bainar jama'a a Savannah ranar 21 ga Maris cewa an kafa sabuwar gwamnatinsu ne a kan cewa baƙar fata bai kai farar fata ba. Ka kuma san su wane ne waɗannan bayin. Ta tashar Charleston aka shigo da wajen kashi 40 cikin 100 na 'yan Afirkan da aka kai ƙasar cikin sarƙa. Ɗaya daga cikinsu Umar ibn Sa'id ne, malami daga Futa Toro, wanda aka sauke a can a 1807, ya rubuta tarihin kansa da Larabci a 1831. Ranar da aka harba igwar yana raye, tsoho tukuf, yana cikin bauta a Karolina ta Arewa.

An yi yunƙurin sulhu. Sanata John Crittenden ya kawo shawarar a ja layi, arewa da shi babu bauta, kudu da shi a tabbatar da ita. An yi wani taron a Washington cikin Fabrairu. Duka biyun sun rushe, kuma ban ga abin baƙin ciki a rushewarsu ba, don ciniki ne a kan wuyan mutanen da ba a tambaye su ba. Amma kasancewar gaskiya tana gefe guda bai wanke sakacin da za ka karanta a ƙasa ba.

2. Ka yanke shawara tun kana kan kujera. Rikicin da ka ajiye wa magajinka ba ya tsayawa jiransa, ƙiba yake yi.

Wata huɗu ne tsakanin zaɓen Lincoln da rantsar da shi ranar 4 ga Maris. Shugaba mai barin gado, James Buchanan, ya gaya wa majalisa a farkon Disamba cewa jiha ba ta da ikon ɓallewa, gwamnatin tarayya kuma ba ta da ikon hana ta da ƙarfi. Da wannan magana ya ɗaure hannun kansa. A cikin watannin da ya yi yana jiran wa'adinsa ya cika aka gina yawancin ramukan igwar da suka kewaye Sumter.

3. Ka ba kwamandanka umarni bayyananne, a rubuce, ka kuma tsaya a kansa. Idan ka bar shi da hasashe, shi zai yanke wa ƙasa hukunci cikin dare.

Da farko Anderson ba a Sumter yake ba, yana tsohon sansanin Moultrie a tsibirin Sullivan, inda yashi ya taru jikin katanga har shanu kan hau, gidajen mutane kuma suna leƙen cikinsa. Ya yi ta rubuta wa Washington yana neman ƙarin soja da matsaya. Ranar 11 ga Disamba aka aiko Manjo Don Carlos Buell da saƙon baki: kada ya tsokani kowa, amma idan ya ga alamar za a far masa, yana iya komawa sansanin da ya fi tsaro. Wace alama ce ta isa? Ba a faɗa ba. Daren 26 ga Disamba ya toshe igwogin Moultrie, aka cinna wa mazauninsu wuta, ya kwashe mutanensa cikin kwale-kwale zuwa Sumter. Gari ya waye Charleston ta ɗauki zafi, shi kansa Buchanan a bakin 'yan Kudu ya fara jin labarin, ministan yaƙin da ya amince da umarnin kuma ya juya ya ce Anderson ya saɓa alƙawari.

4. Ka rubuta yarjejeniya, ku kuma daidaita a kan ma'anarta kafin ku tashi. Abin da kowa ya fassara yadda ya so, cin amana zai zama a idon ɗayan.

A farkon Disamba 'yan majalisar Karolina ta Kudu sun gana da Buchanan. Sun fito da yaƙinin an yi alƙawarin ba za a taɓa zaman sojojin ba, shi kuwa ya ce bai ɗaure kansa da komai ba. Ba wanda ya sanar da Anderson. Da ya ƙaura, Gwamna Francis Pickens ya ce an yaudare su, washegari ya ƙwace Moultrie da sansanin Pinckney, bayan kwana uku ya haɗa da rumbun makaman birnin. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. A Aburi ta ƙasar Gana, ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967, Gowon da Ojukwu sun zauna, har an naɗi muryoyi, amma kowa ya koma gida da tasa fahimtar. Ranar 6 ga Yuli aka fara harbi.

5. Ka ƙirga buhunan abinci kafin ka ƙirga bindigogi. Rumbun sansani ne ke sa ranar yaƙi, ba majalisa ba.

Washegarin rantsar da shi Lincoln ya iske wasiƙar Anderson a kan tebur: abinci ba zai wuce mako shida ba, kuma sai da soja 20,000 za a iya kutsawa a cece su. Duk rundunar Amurka a lokacin ba ta fi 16,000 da 'yan kai ba, mafi yawansu suna can yammacin ƙasar. Daga ranar zaɓi biyu ya rage, ko a kai abinci ko a sauke tuta. Ranar 7 ga Afrilu aka hana su sayen nama da kayan lambu a kasuwar Charleston. Da aka fara harbi, naman alade mai gishiri da ruwa ne kusan duk abin da ya saura.

6. Ka faɗa wa abokin gabarka abin da za ka yi, da rana tsaka. Wanda aka sanar ba zai ce an shammace shi ba.

A ganina wannan ne abu mafi hikima da aka yi a duk rikicin. Ranar 8 ga Afrilu wani ma'aikacin gwamnati, Robert Chew, ya karanta wa Gwamna Pickens saƙon Lincoln: jiragen ruwa suna tafe da abinci kawai, ba za a shigar da soja ko makami ko albarushi ba muddin ba a tare su ba. Akwai masu cewa tarko ne. Ni ban yarda ba. Mutumin da aka gaya masa gaskiya kwana huɗu kafin lokaci, aka bar masa zaɓin ya ƙyale abinci ya wuce, ba a yaudare shi ba.

7. Ka fitar da mata da yara tun hanya tana buɗe. Ranar da wuta ta tashi ba jirgin da zai tsaya musu.

A farkon Fabrairu aka kwashe iyalan sojojin Sumter zuwa New York, da yardar ɓangarorin biyu.

8. Ka riƙe hannun yaranka ko da an tsokane ku. Harbin ramuwa ɗaya ya isa ya rufe duk ƙofofin magana.

Ranar 9 ga Janairu jirgin 'yan kasuwa mai suna Star of the West ya doso Sumter da kayan abinci da soja wajen 200 a ɓoye a cikinsa. Aka buɗe masa wuta daga tsibirin Morris. Sojojin Anderson suna tsaye a bakin igwoginsu, suna kallon ana harbin tutarsu, hafsoshinsa waɗansu suna roƙonsa ya ba da izini. Ya hana. Jirgin ya juya. Haƙurin mutum ɗaya ya jinkirta yaƙin da wata uku. Laifin shugabanni ne da suka kasa yin komai da watannin.

9. Ka bar wa wanda ka kewaye ƙofar fita da mutuncinsa. Sojan da ya san wulaƙanci ke jiransa a waje zai gwammace ya mutu a ciki.

Janar Beauregard, kwamandan 'yan Kudu, ɗalibin Anderson ne a fannin igwa a makarantar soja ta West Point. Da sansanin ya faɗi bai kama ko mutum ɗaya ba. Ya bar su suka fita da makamansu da tutarsu, suka hau jirgi zuwa New York.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka bar mukullin rumbun makamai a hannun wanda zuciyarsa ke wancan gefe. Da kayanka za a yaƙe ka.

Ministan yaƙin Buchanan, John Floyd, ɗan Virginia ne. Cikin Disamba 1860 ya ba da umarnin a kwashi manyan igwogi daga Pittsburgh zuwa gaɓar tekun Kudu, sai da mutanen garin suka tayar da ƙura aka soke umarnin. Ya ajiye aiki ranar 29 ga watan, daga baya ya zama janar a rundunar 'yan aware. Ministan cikin gida, Jacob Thompson, shi ya buga wa Charleston wayar tangaraho cewa Star of the West na hanya. A Texas kuwa Janar David Twiggs ya miƙa barikokin tarayya gaba ɗaya cikin Fabrairu ba tare da an yi harbi ba.

2. Kada ka ɗora mutuncin ƙasa kacokan a kan gini ɗaya. Da zarar ka ɗora, ba mai iya saukewa sai da jini.

Ta fuskar yaƙi Sumter ba shi da wani amfani ga tarayya a lokacin. Babban hafsan sojoji, Janar Winfield Scott, ya ce a janye. A tsakiyar Maris mafi yawan ministocin Lincoln sun ce a janye, Montgomery Blair ne kaɗai ya tsaya kai da fata. Amma jaridun Arewa sun riga sun mai da Anderson gwarzon ƙasa, na Kudu kuma kullum suna cewa tutar nan zagi ce a ƙofar gidansu. Ga Lincoln, janyewa amincewa ce da ɓallewa. Ga Davis, ƙyalewa amincewa ce cewa ƙasarsa ba ƙasa ba ce. Ka gwada da sansanin Pickens a Pensacola ta jihar Florida. Matsala iri ɗaya ce, amma nesa da babban birni da idon jaridu. An daidaita kan tsagaitawa, daga baya aka ƙara masa soja ta teku, ya zauna hannun tarayya har ƙarshen yaƙi. Kai mai alƙalami, wannan gargaɗin naka ne.

3. Kada ka girke dakaru a ƙofar sansanin da ba a hannunka yake ba, ka ce tsaro kake yi. Na ciki ba tsaro yake gani ba, ƙawanya yake gani.

Kullum safiya mutanen Anderson suna ƙirga sababbin ramukan igwa a tsibiran Morris da Sullivan da James, har da wata da aka ɗora kan katako tana yawo a ruwa. Kafin Afrilu an auna su da igwa 43, ga dubban mayaƙa suna jiran umarni, mayaƙan da aka tara kuwa ba sa son a sallame su ba su yi komai ba. Wannan ba tsohon labari ba ne. Ranar 13 ga Afrilu 2023 rundunar sojan Sudan ta yi gargaɗin cewa dakarun RSF sun girke a Khartoum da kusa da sansanin jiragen sama na Merowe ba da izininta ba. Ranar 15 ga wata wuta ta tashi. Miliyoyi suka bar gidajensu, a ƙasar da Hausawa suka daɗe da zama, ɗalibanmu kuma aka kwaso su cikin motoci zuwa iyakar Masar.

4. Kada ka aika agaji rabi a ɓoye, rabi a fili. Abokin gaba zai sani, naka ne ba zai sani ba.

Jirgin yaƙi aka fara shirin turawa cikin Janairu, sai aka canja zuwa Star of the West wai don a sirranta. Jaridun New York suka buga labarin. Takardar da aka rubuta wa Anderson ba ta isa hannunsa ba.

5. Kada ka miƙa wa yara igiyar igwa. Ba su san abin da ke bayan ƙarar ba.

Ɗaliban makarantar soja ta Citadel ne suka harbi Star of the West. Da Anderson ya rama, da su ne suka buɗe yaƙin.

6. Kada gwamnati ta yi magana da baki biyu. Alƙawarin da wani ya ɗauka da sunanka, kai za a kira maƙaryaci.

Ka tsaya a nan da kyau, don wannan kuskuren masu ilimi da gogewa ne ke yinsa. Ministan harkokin waje William Seward yana ganin ya fi Lincoln sanin mulki. 'Yan aware sun turo wakilai uku Washington, Lincoln ya ƙi ganinsu don kada ya zama ya amince da su a matsayin ƙasa. Sai Seward ya buɗe tasa ƙofar ta baya, ta hannun alƙalin Kotun Ƙoli John Campbell. Daga 15 ga Maris ya riƙa aika musu cewa za a janye daga Sumter cikin 'yan kwanaki. Kwanakin suka wuce, ya sake tabbatarwa. Har ranar 7 ga Afrilu, jirage suna ɗaukar kaya a New York, yana ba su amsar da ke nuna alƙawari na nan. Wani aminin Lincoln, Ward Lamon, shi ma ya je Charleston a ƙarshen Maris ya bar gwamna da zaton janyewa ta kusa. Ba wanda shugaban ƙasa ya ba wannan izini. Da saƙon gaskiya ya iso ranar 8 ga Afrilu, mutanen Montgomery sun riga sun yanke cewa duk abin da ya fito daga Washington yaudara ce, saboda haka ko maganar abinci kawai ba su gaskata ba.

7. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Sa hannunka umarni ne, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Ranar 1 ga Afrilu aka kawo wa Lincoln tarin takardu ya rattaba hannu. A ciki akwai wadda ta tura jirgin yaƙin Powhatan zuwa Florida, ba da sanin ministan sojan ruwa Gideon Welles ba. Shi ne jirgi mafi ƙarfi da Gustavus Fox, jagoran tafiyar agajin, ya dogara da shi. Fox ya iso bakin mashigar Charleston da asubahin 12 ga Afrilu, guguwa ta tarwatsa ƙananan jiragensa, Powhatan bai zo ba. Daga nesa ya tsaya yana kallon sansanin yana ci da wuta.

8. Kada ka saurari 'yan ingiza mai kantu ruwa. Ranar biyan bashi ba za ka same su a gaba ba.

Roger Pryor, ɗan siyasa daga Virginia, ya zo Charleston ya yi wa jama'a jawabi ranar 10 ga Afrilu cewa su kai duka kawai, jiharsa za ta biyo su nan take. Da asubahin 12 ga wata aka ce ya zo ya harba igwar farko. Ya ƙi.

9. Kada ka fara harbi. Ko kana da hujja, ranar ka zubar da ita, balle ba ka da ita.

Wannan ne babban gargaɗin, ka riƙe shi ko ka manta sauran. Ranar 9 ga Afrilu Davis ya tara ministocinsa. An ruwaito cewa ministan harkokin wajensa, Robert Toombs, ya ja kunnensu cewa harbin Sumter zai raba su da duk wani aboki a Arewa, kuma su za a ɗora wa laifi. Ba a saurare shi ba. Suna tsoron mutanen Charleston su yi gaban kansu, suna kuma kwaɗayin jawo Virginia. Ranar 11 ga wata manzannin Beauregard suka je neman Anderson ya miƙa wuya. Ya ƙi, amma da yake raka su ya gaya musu cewa ko ba su rushe ginin ba yunwa za ta fitar da shi cikin 'yan kwanaki. Suka dawo bayan tsakar dare. Ya ce zai fita da tsakar ranar 15 ga Afrilu, sai fa idan abinci ko sabon umarni ya iso. Da ƙarfe 3:20 suka rubuta masa cewa saura awa ɗaya.

Awa 34 ana ruwan wuta, harsashin igwa fiye da 3,000. Barikin ciki ya kama da wuta, har suka riƙa jefa gangunan albarushi cikin teku don kada su tashi da su, suna yayyaga rigunansu suna ɗinka jakunkunan albarushi da allura shida. Ranar 13 ga wata suka sallama, a kan sharuɗɗan da aka yi musu tayi tun kafin a fara. Me Davis ya samu? Gini mai hayaƙi. Me ya rasa? Kafin ranar Arewa a rabe take, har magajin garin New York, Fernando Wood, ya taɓa ba da shawarar birnin ya ware ya ci gaba da cinikin audugarsa. Bayan harbin, Stephen Douglas, wanda ya kara da Lincoln a zaɓe, ya je da ƙafarsa ya mara masa baya. Ranar 20 ga Afrilu mutum fiye da 100,000 suka taru a dandalin Union Square na New York kewaye da tutar Anderson. Abin da Lincoln ba zai iya haɗawa da jawabi ba, igwar Davis ta haɗa masa.

10. Kada ka yi guɗa don ba a mutu ba a ranar farko. Ranar farko ita ce mafi araha.

Ba wanda harbin ya kashe, ko a ciki ko a waje. Mutanen Charleston sun hau rufin gidaje suna kallo, aka kaɗa ƙararrawa, aka yi shagali. Gawar farko ta faɗi ne ranar 14 ga wata, wajen harbin ban-girma ga tuta: albarushi ya fashe ya kashe soja Daniel Hough nan take, Edward Galloway ya cika daga baya. Ita kuwa Charleston, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Daga Agusta 1863 igwogin tarayya suka yi fiye da kwana 500 suna dukan birnin, Sumter ya koma tarin ɓaraguzai. Cikin Fabrairu 1865 'yan aware suka gudu suka bar Charleston, kuma sojoji baƙar fata, waɗansunsu tsofaffin bayin wannan yanki, suna cikin waɗanda suka fara shiga. A ƙarshen shekarar aka haramta bauta a tsarin mulkin ƙasar, wato abin da aka harba igwar don a kare shi.

11. Kada ka kira mayaƙa kafin ka lissafa waɗanda za su ƙi amsawa. Ɗan ba-ruwanmu, idan ka tilasta masa zaɓi, yana iya zaɓar abokin gabarka.

Jihohi takwas masu bayi ba su ɓalle ba kafin Sumter. Ranar 4 ga Afrilu taron wakilan Virginia, ɗaya daga cikinsu, ya ƙi ɓallewa da rinjayen kusan biyu bisa uku. Ranar 15 ga wata Lincoln ya nemi jihohi su ba da mayaƙa 75,000, aka yanka wa kowace nata kason, har da su. Bayan kwana biyu wannan taron dai ya juya, ƙuri'a 88 da 55. Arkansas da Karolina ta Arewa da Tennessee suka bi. Virginia ta tafi da masana'antar ƙarfe ta Tredegar da ke Richmond, wadda ta ƙera wa Kudu igwogi, ta tafi da Robert E. Lee, wanda aka yi wa tayin jagorantar rundunar tarayya ya ƙi, ya ajiye aiki ranar 20 ga Afrilu. Ba na cewa Lincoln yana da wata hanya mai sauƙi bayan an harbi tutarsa. Ina cewa ka san farashin kafin ka buga shela.

12. Kada ka yi wa uwayen yara alƙawarin gajeren yaƙi. Ba ka da ikon cika shi.

Mayaƙan da Lincoln ya kira, na kwana 90 ne. An ruwaito cewa ministan yaƙin Kudu, Leroy Walker, ya yi ta gaya wa jama'a cewa hankicinsa ya isa ya share duk jinin da za a zubar. Samari suka yi ta rige-rigen ba da suna don kada a gama ba su je ba. Ranar 21 ga Yuli aka gwabza a Bull Run, har 'yan majalisa suka fito daga Washington cikin keken doki don su yi kallo, suka koma a guje tare da sojojinsu. Ranar 17 ga Satumba 1862, a Antietam, wajen mutum 23,000 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Da aka ajiye makamai a 1865, a ƙasa mai mutum miliyan 31, sojan da ya mutu ya kai 620,000, waɗansu masana tarihi ma suna kai shi 750,000. Wajen biyu cikin uku ba harsashi ne ya kashe su ba, atuni ne da zazzaɓin taifot da ciwon huhu a sansanonin da aka cusa su.